Anti Mai Fotokwafi Ta Shiga Aji

Duk wanda ya yi karatu a kwalejin nan ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Shagon fotokwafi ne ɗan tsukuku daura da babbar ƙofar makaranta, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da biro. In ka leƙa za ka tarar da ita tsaye a bayan inji, doguwa, marar jiki, tabarau a karan hanci, hannu ɗaya na danne murfi, ɗayan na kwashe takardu masu ɗumi. Ɗalibai Anti suke ce mata. A gida kuwa Yaya ce, tun tana budurwa, har sunanta na gaskiya ya kusa ɓacewa don rashin mai kira.

Tana ajin ƙarshe na sakandare mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Mahaifinsu direban babbar mota ne, in ya fita sai an gan shi. Aka bar ta da ƙanne biyu. Na farko namiji, wanda tun yana ƙarami yake kwance rediyon gida ya kasa mayarwa, shi ya sa ake masa laƙabi da Injiniya. Sai Auta, mace, wadda ko tafiya ba ta gama iyawa ba. Babu wanda ya ce wa Yaya ta bar makaranta. Yau Auta na zazzaɓi, gobe babu mai dafa abinci, jibi uban ya dawo da kayan wanki, har aka wayi gari kayan makarantarta sun koma ƙasan akwati. Da uban ma ya bi matarsa bayan wasu shekaru, sai ta zama ita ce uwa, ita ce uba.

Manema sun zo, don ba ta da muni. Wani ya ce yana son ta amma ba zai iya da yara ba, ta nuna masa hanya. Wani kuma mutumin kirki ne, ya ce zai jira har Auta ta yi wayo. Ya jira, ya gaji, ya aiko da ban haƙuri. Ba ta riƙe shi a zuciya ba. Ta samu aiki a shagon nan, wurin wani tsoho mai yawan ƙorafi amma marar mugunta, ta zauna.

Aikin ya shiga jikinta. Da jin ƙarar inji ta san takarda za ta maƙale, ta san lokacin da tawada ke shirin ƙarewa tun kafin rubutu ya dushe. Ta ɗinke kundin kammala karatu na ɗaliban da ba za ta iya tuna yawansu ba, tana gyara musu shafin da suka sa a kife, suna godiya suna tafiya. Takardun lissafi ne kaɗai suke tsayar da ita. Akwai wata alama doguwa mai lanƙwasa kamar ƙugiya da take yawan fitowa a cikinsu. Takan ɗan ƙura mata ido kafin ta miƙa wa mai ita. A makaranta lissafi ne darasin da ta fi so, amma ba ta kai inda ake wannan ƙugiyar ba.

Injiniya ya zama injiniyan gaske, aiki ya ɗauke shi zuwa wani birni mai nisa. Auta ta yi aure ta bi mijinta. Gidan da a da ba a jin maganar juna saboda hayaniya ya yi tsit. Yaya ta daɗe tana dafa abincin mutum uku don hannunta ya saba, sai ta zauna tana kallon tukunya. Ta koma kunna rediyo daga shigowarta, ba don ta saurara ba, don dai a ji murya a ɗaki. Wani lokaci takan tsinci kanta tana ba mai karanta labarai amsa.

Wata rana wata mata mai furfura ta kawo kundi a ɗinke mata. Anti ta ɗauka na ɗanta ne, sai ta ga hoton matar a shafin farko.

"Baiwar Allah, naki ne?"

"Nawa ne. Bana na gama."

"Ashe ana ɗaukar irinmu?"

Matar ta yi dariya ta ce, "An ce gemu ba ya hana ilimi, balle mu da ba mu da gemun."

Maganar ta zauna mata. Ta nemi tsofaffin littattafan Auta, ta sake zama jarrabawar gama sakandare. Karon farko ba ta haɗa ba, karo na biyu ta haye da ƙyar. Kwalejin da ta yi shekaru tana kallo ta tsallaken titi ta ba ta gurbi a sashen kula da bayanan asibiti.

Ranar da sababbin ɗalibai ke ganin mai ba da shawara, baranda ta cika. Kowane yaro da nasa: wannan da uwarsa tana gyara masa wuyan riga, waccan da yayanta yana riƙe mata jaka. Ita ma ta taɓa tsayawa a irin wannan layi, tana riƙe da jakar Injiniya. Yau tata jakar take riƙe da ita. Da layi ya zo kanta ta shiga ofis ɗin, ɗan ƙarami, fanka na juyawa a kasalance. Malamin, mai sanƙo da gajiya a fuska, ya dubi bayanta.

"Ina yaron?"

"Ni ce yaron, Malam."

Ya ɗago sosai, ya ba ta haƙuri, ya nuna mata kujera. Ya duba kwamfuta, ya ce gwajin lissafin da aka yi wa sababbin shiga ya ajiye ta a tsakiya, ba ta faɗi ba, ba ta kuma yi fice ba. Don haka zaɓi yana hannunta.

"Akwai ajin share fage," in ji shi. "A can za a koma baya, a faro daga tushe. Sai dai ba a lissafa shi cikin sakamako, kuma zai ƙara miki zango guda. In kin ga za ki iya, ki wuce kai tsaye ki ɗauki ƙididdiga, ita ce sashenku ya fi buƙata. Ko kuma kalkulas, shi ma ana karɓa, amma fa yana da duwatsu."

"Kalkulas shi ne mai alamar nan kamar ƙugiya?"

Ya yi murmushi. "Shi ne."

"Kai wanne ka ga ya dace da ni?"

"Yaushe rabonki da aji?"

Ta faɗa masa. Ya shafa sanƙonsa, ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, wata uwa ta leƙo tana cewa su ma fa tun safe suke tsaye. Ya ce, "Ki je gida ki yi shawara da mutanenki. Kafin ƙarshen mako ki yi rajista."

Mutanenta. Ta tsallaka titi tana juya kalmar.

Da yamma ta kira Injiniya. Yana tuƙi, tana jin hon ɗin motoci.

"Haba Yaya, wane irin share fage kuma? Ai na waɗanda suka faɗi ne. Ke da kika koya mini rabawa a kan tabarma, kina zare mini ido? Ki ɗauki kalkulas kawai. Wanda bai yi kalkulas ba ai leƙa makaranta ya yi, bai shiga ba."

"Na manta da yawa fa, Injiniya."

"Zai dawo. Kanki ya fi nawa ja, kowa ya sani. In kin maƙale ki kira ni. Bari in wuce nan, ana jirana."

Ta kira Auta. Jariri na tsala kuka a kusa da wayar.

"Ni wallahi Yaya har yanzu ban ga abin da kike nema ba. Ba ki gaji ba? Ki ɗauki mai sauƙin dai. Ko ma ki bar shi duka ki zo ki zauna da mu, ga ɗaki nan, ki riƙa ganin 'ya'yanki, ni ma in samu in numfasa."

Yaya ta ce ta ji, a shafa mata kan yaron.

Washegari ta tambayi mai shago, don shi kaɗai ya rage. Tsohon ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar ya fahimta, sannan ya ce, "To 'yar nan, wanne ne ba ya cin lokacin da ɗalibai ke cika shago?"

Babu wanda ya tambaye ta wanne take so, ita ma ba ta tabbatar ta sani ba. Ta saba zaɓar wa wasu: takalmin da zai yi ƙarko, makarantar da ta fi kusa, maganin da ba ya sa barci. Da abin ya zo kanta sai ta rasa ta ina ake farawa. Abin da ya yi ta dawo mata shi ne muryar Injiniya, "kanki ya fi nawa ja." An sha yaba mata haƙuri, an sha yaba mata riƙon amana, amma rabon da wani ya yabi kanta har ta manta. Ta yi rajistar kalkulas.

Ɗakin lakcar babba ne, kujeru hawa-hawa kamar matakala. Tana shiga wani yaro da ta sani, mai yawan zuwa shago a gurguje, ya taso da murna.

"Anti, takardun sun fito ne? Kawo in raba."

"Karatu na zo," ta ce.

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, wasu har da tafi. Suka matsa suka ba ta wuri a gaba, suka bar kujera ɗaya babu kowa a damanta, ɗaya a hagunta. Girmamawa ce, ta sani. Amma girmamawar ta bar ta ita kaɗai a tsakiyar benci, kuma haka aka ci gaba.

Malamin kalkulas yana da sauri. Yakan cika allo, ya ce "wannan kun san shi tun sakandare," ya goge. Ita kuwa abin da ake cewa an sani ɗin shi ne ba ta sani ba. Ta kwafe komai da rubutunta mai tsabta, layi bisa layi, kamar yadda injinta ke yi, ba tare da ko ɗaya ya shiga ba. Da rana 'yan ajin sukan zo shago a buga musu amsoshin aikin gida. Suna tsaye a gabanta suna gardama a kan tambaya ta uku, ita tana danne murfi tana kasa kunne. In ta ɗan sa baki sai su yi shiru cikin ladabi, su ce "haka ne, Anti," kamar yara a gaban uwar abokinsu. Suna da ƙungiyar karatu a ƙarƙashin bishiya bayan laburare. Ba su gayyace ta ba, don bai zo musu a rai ba. Ita ma ba ta roƙa ba, don girma ya hana.

Ta kira Injiniya sau ɗaya, bai ɗauka ba. Daga baya ya turo saƙon murya: "Ai wannan mai sauƙi ne, Yaya, kawai ki buɗe baka ki soke na sama da na ƙasa, shi ke nan." Ta saurara, ta sake saurara, har ta haddace yadda yake jan numfashi a tsakiya. Ba ta gane wane baka ba. Ta tura masa, "Na gode, Allah ya yi albarka." Ba ta sake tambayarsa ba.

Ranar gwajin farko ta rubuta sunanta, ta kwafe tambayoyin tsaf, sannan ta zauna tana jin ƙarar birukan mutane. Da aka dawo da takardu, makin da ta samu ko yaro zai iya nuna shi da yatsun hannu ɗaya. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta tsallaka ta buɗe shago, ta yi aiki har aka tashi. A gida ta kunna rediyo, ta zauna a bakin gadon Auta, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinsu. Da ta gama ta wanke fuska ta ɗora ruwan shayi, don babu wanda zai ɗora mata.

Ta koma wurin mai ba da shawara. Wannan karon baranda babu kowa. Ta ajiye masa takardar, ya duba.

"Da na so in ce miki share fage tun ranar," ya ce. "Na ji nauyi ne, kada ki ga kamar na raina ki."

"Da ka raina ni ɗin, Malam, da ya fi mini."

"Har yanzu ana iya canzawa, lokaci bai ƙure ba. Kuma kada ki ɗauke shi faɗuwa."

"Faɗuwa ce," ta ce. "Amma ban karye ba. Mayar da ni share fage."

Ajin share fage a wani ɗaki ake yin sa can baya, kusa da inda ake tara karyayyun kujeru, da sassafe kafin a buɗe shaguna. Mai shago ya ji daɗin wannan ƙwarai. 'Yan ajin ba su da yawa, kuma kowa yana shigowa kai a sunkuye kamar wanda aka kama. In sun haɗu a waje sai su yi kamar ba su san juna ba. Malamar yarinya ce, ba ta kai Auta ba, mai ƙaramar murya. Ranar farko ta rasa yadda za ta kira sabuwar ɗalibarta, ta ce "Mama," ta ce "Anti," daga ƙarshe ta tsaya a kan Anti.

An faro daga ƙasa sosai, rabi da kwata da sulusi, abin da Yaya ta koya wa ƙannenta da bakinta. Da farko kunya ta hana ta ɗaga kai. Amma a hankali ta ga ashe ginin nata duk ramuka ne, ga shi ana cike su ɗaya bayan ɗaya. Malamar ba ta goge allo sai ta juyo ta tambaya ko an gane, kuma takan jira amsa da gaske. Anti ta fara ɗaga hannu. In ta yi tambaya sai ta ji sauran sun saki numfashi, ashe su ma abin ya shige musu duhu, bakin tambaya ne babu.

Ana tsakiyar zango, wata safiya, malamar ta rubuta wani lissafi a allo, harafi da ɗan ƙaramin biyu a kafaɗarsa, ta ce yau za a koyi warware irinsa. Anti ta ƙura wa allon ido. Ta san shi. Shi ne a kan allo makon da mahaifiyarta ta kwanta. Ta tuna malaminsu na lokacin yana cewa gobe za a ƙarasa, goben da ita ba ta je ba. Ta zauna ta bi bayanin daki-daki, ba ta ko ƙifta ido. Da aka nemi wanda zai gwada na gaba, ta tashi ta karɓi alli. Ta raba, ta jera, ta fitar da amsoshi biyu. Malamar ta duba ta ce, "Daidai ne, Anti."

Abin bai fi haka ba. Aka ci gaba da darasi. Ita kuwa ta fito ƙirjinta cike, alli a yatsunta, tana neman wanda za ta faɗa wa. 'Yan ajin sun watse kowa ya kama gabansa. Ta tsallaka titi, ta tarar da mai shago ya buɗe cikin inji yana tsaki.

"Baba, yau na ƙarasa wani lissafi da na bari tun ina yarinya."

"Madalla, madalla," ya ce, bai ɗago ba. "Zo ki duba mini nan, takarda ta maƙale tun ɗazu."

Ta ajiye jaka ta zaro takardar.

A ƙarshen makon ta kira Injiniya ta gaya masa ta bar kalkulas, ta koma share fage. Ya ce, "Uhm." Ba ta iya gane ko takaici ne ko kuwa hankalinsa na kan wani abu ba.

"To, Yaya, ke kika san abin da ya fi miki," ya ce. Sannan ya shiga ba ta labarin gidan da yake son kamawa. Ta saurara, ta ba shi shawara a kan ruwa da maƙwabta. Labarin allon bai samu wurin shiga ba, sai ta bar shi.

Ta ci share fage da maki mai kyau. Zango na gaba ta ɗauki ƙididdiga, ta sha wuya amma ta haye, har ta zo tana jin daɗinta. Kalkulas kuwa ba ta sake komawa ba, kuma ba ta yi da-na-sani ba. Ta gama bayan waɗanda suka shiga tare da zango guda. Ranar bikin kammalawa Auta na fama da tsohon ciki, ba ta samu zuwa ba. Injiniya ya zo, amma hanya ta riƙe shi, ya iso ana kwashe kujeru. Ya rungume ta, idonsa ya kawo ruwa, ya sa wani mai wucewa ya ɗauke su hoto, kafin yamma ya juya saboda aiki.

Yanzu tana aiki a ɗakin adana bayanai na wani ƙaramin asibiti, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin magani. Kantoci ne har rufi, da kwamfuta ɗaya, da taga mai kallon bango. A ƙarshen kowane wata ita ke fitar da alƙaluman masu zuwa da irin ciwon da ya kawo su, likita ya karɓa ya ce an gode. Wuni guda kan wuce ba ta yi magana da kowa ba in ban da gaisuwa. Har yanzu ita kaɗai ce a gidan, sai ran da ƙannen suka tuna suka kira.

Ta sayi wani tsohon littafin lissafin aljabara a wurin masu gwanjo, tana ajiye shi a aljihun tebur. In aiki ya lafa takan ɗauko ta warware ɗaya ko biyu a bayan takardar da aka yar. Rannan mai shara ta shigo da tsintsiya lokacin tashi, ta same ta a duƙe tana rubutu.

"Wata jarrabawar za ki sake yi ne?"

"A'a."

"To na mene ne?"

 Yaya ta ɗaga ƙafafunta don a share ƙarƙashin tebur.

"Fara daga can," ta ce. "Saura kaɗan in gama wannan."